Gani Bai Kori Ji Ba A Filin Ƙwallo

Duk wanda ya taɓa shiga gidan kallon ƙwallo a Agege ko Idi-Araba a Ikko, ko kuwa Sabo a Badun, ran Asabar da maraice, ya san yadda sha'anin yake. Benci cike maƙil, janareta na ruri a waje. Mai shayi ya bar wa yaronsa tebur, mai gadi ya roƙi abokin aikinsa ya riƙe masa ƙofa, ɗan dako daga kasuwar Mil 12 ya iso ko wanka bai samu yi ba. Kowa ya biya kuɗin shiga, kowa ya zuba wa akwatin talabijin ido har minti casa'in. In gardama ta tashi a kan ko ƙwallo ta fita ko ba ta fita ba, maganar da ke kashe ta ita ce, "Ai da idona na gani." Hausawa sun daɗe da yanke hukunci cewa gani ya kori ji.

To, akwai abin da ya kamata masu kallon nan su sani. Ƙwallon gaskiya ce, 'yan wasan ma gaskiya ne. Amma allunan tallan nan da suka kewaye filin, waɗanda ido ke faɗawa a kansu ko yana so ko ba ya so, sau da yawa abin da ke rubuce a jikinsu babu shi a filin ko kaɗan. A ce mutum yana da ƙane a birnin Madrid wanda ya sayi tikiti ya shiga filin da ƙafarsa, sa'an nan ya buga masa waya ana cikin wasa ya tambaye shi abin da ke rubuce a allon da ke gefen fili. Ba mamaki su yi musu har rai ya ɓaci, alhali kuwa babu maƙaryaci a cikinsu. Na Madrid ya karanta abin da ke jikin allo. Na Agege ya karanta abin da na'ura ta liƙa a kan hoton allon kafin a harbo shi ta tauraron ɗan Adam. Wanda ke kallo a Sin da wanda ke kallo a Meziko su ma kowa da abin da aka rubuta masa, a wasa ɗaya, a daƙiƙa ɗaya.

Wannan ba tsafi ba ne, lissafi ne, kuma lissafin yana da masu shi. Sun yi masa rajista a ofisoshin gwamnati, sun karɓi takardu, har suna maka juna a kotu a kansa.

Ita takardar mallakar ƙirƙira wata yarjejeniya ce tsakanin gwamnati da mai fasaha. Mai fasaha zai fito fili ya bayyana yadda ya ƙera abinsa dalla-dalla, da zane da komai, a ajiye inda kowa zai iya karantawa. Ita kuma gwamnati ta hana kowa yin irin abin ko sayar da shi ba da izninsa ba har wa'adi ya cika, wanda a yawancin ƙasashe shekara 20 ne daga ranar da aka shigar da takarda. A Nijeriya ma haka dokar take tun 1970, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon. In wa'adi ya cika, ilmin ya zama na kowa. Bugu da ƙari, takardar ba ta tsallake iyaka. Wadda aka bayar a Amurka ba ta da ƙarfi a Kano sai in an yi mata rajista a Nijeriya.

A watan Nuwamba na 1993 ofishin rajistar ƙirƙira na Amurka ya ba waɗansu mutum biyu, Roy Rosser da Martin Leach, takarda mai lamba 5,264,933 a kan dabarar saka hoto ko rubutu cikin shirin talabijin ta yadda mai kallo zai zaci daman can yana wurin. Kamfanin da ya ɗauki dabarar ya yi ciniki da ita shi ne Princeton Video Image na jihar New Jersey. Zuwa 1995 an fara gwada ta a wasan besbol na Amurkawa, inda aka riƙa sauya talla a bangon da ke bayan mai bugu. 'Yan kallon da ke cikin filin bango kawai suke gani.

Yadda ake auna idon kyamara

Mai karatu zai ce, to mene ne abin wahala a nan? Ai tun tuni ana rubuta sunan ɗan wasa da yawan ci a kan hoton talabijin. Haka ne, amma wancan rubutu a saman hoto yake zaune, kamar takardar da aka manna a gilashin mota. Mota na tafiya, duniya na wucewa a waje, takarda na nan inda take. Abin da ake nema a nan dabam ne. Ana so tallan ya zauna a cikin filin kansa. In kyamara ta juya hagu ya tsaya inda allon yake, in ta jawo hoto kusa ya ƙara girma daidai gwargwado, in ta hango shi daga gefe ya karkace kamar yadda allon gaske zai karkace.

Wannan ba ya yiwuwa sai na'ura mai ƙwaƙwalwa ta san kyamarar ciki da waje: ina aka kafa ta, tsayinta nawa daga ƙasa, ina ta fuskanta a wannan ƙiftawar ido, nawa ta sunkuya, nawa ta jawo hoton. Har ma da aibin gilashinta, domin kowane gilashin kyamara yana ɗan lanƙwasa miƙaƙƙen layi, musamman wajen gefe-gefe. Gano waɗannan ma'aunai shi ne ake kira auna kyamara ko saita ta. Duk mahaucin da ke Oko-Oba ya san cewa sikelin da ba a saita ba ko ya cuci mai saye ko ya cuci mai sayarwa. Kyamarar da ba a auna ba, in aka ɗora mata talla, sai a ga rubutu yana zamewa a kan ciyawa kamar mai a kan ruwa, asiri ya tonu.

Masana sun daɗe a kan wannan matsala. Roger Tsai na kamfanin IBM ya buga wata hanya a 1987 wadda aka yi shekaru ana bi. Daga bisani Zhengyou Zhang, wani masani ɗan asalin ƙasar Sin da ke aiki a sashen bincike na Microsoft, ya zo da wata mai sauƙin gaske wajen ƙarshen shekarun 1990. A buga zanen murabba'ai baƙi da fari a takarda, a manna a shimfiɗaɗɗen allo, a nuna wa kyamara ta fuskoki dabam-dabam. Tun da an riga an san girman kowane gida da tazarar da ke tsakani, daga yadda suka fito a hoto kwamfuta za ta lissafa halin kyamarar duka. An ba da takardar mallaka a kan wannan a Amurka a 2002, da sunan Microsoft. A yau ɗaliban injiniya ko'ina a duniya da irin wannan allo suke fara koyo.

A filin wasa kuwa ba a bukatar riƙe wani allo, domin filin kansa allo ne. An san faɗin raga, an san da'irar tsakiya, an san yadi 18 na gidan mai tsaron gida. Waɗansu kamfanoni sukan bar kwamfuta ta gane waɗannan layuka a cikin hoto ta yi lissafinta daga nan. Waɗansu kuma sukan ɗaura 'yan na'urori a wuyan kyamarar, masu ba da labarin duk motsin da ta yi sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. Ta wannan hanya ta biyu ce kamfanin Sportvision ya fito da shahararren layin nan ruwan ɗorawa a ƙwallon Amurkawa, mai nuna inda 'yan wasa za su kai kafin a ƙara musu dama. Tashar ESPN ce ta fara nuna shi ran 27 ga Satumba 1998. Sai da suka auna filin taku-taku, domin ba a miƙe yake ba, tsakiyarsa ta ɗan yi tudu saboda ruwan sama ya gangare.

Saura matsala ɗaya, kuma ita ce uwa. Ɗan wasa zai gitta ta gaban allo, ƙwallo za ta wuce, alƙalin gefe zai tsaya da tutarsa. In na'ura ta shafe su da talla, aikin banza aka yi. Dole ta rarrabe, a kowane ɗigo na hoton, wane ne allo wane ne mutum. Na farko sun yi ta hanyar launi: wannan kore ciyawa ce, a rubuta a kanta, wancan launin riga ce, a bar ta. Kamfanin Supponor, wanda asalinsa daga Finland ne, ya sa allunan suna fitar da wani irin haske da idon ɗan Adam ba ya gani amma na'ura na gani. Duk inda hasken ya yanke, ta san akwai wanda ya tsaya a gaba. Yanzu kuma ana koya wa kwamfuta ta gane surar mutum da kanta. Har yanzu dai takan yi tuntuɓe. Da gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada ta shimfiɗa irin wannan talla a dukan filayenta a 2022, 'yan kallo sun yi ta ƙorafin cewa suna ganin ɗan wasa yana nutsewa cikin bango, hannu ko sanda ya ɓace sa'an nan ya dawo.

A kan wannan batu na rarrabe mutum da allo ne kamfanin AIM Sport na Suwizalan ya kai Supponor ƙara a Landan. A 2023 babbar kotu ta ce takardar AIM tana da ƙarfi kuma an taka ta, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da haka a 2024. Manyan lauyoyi, manyan kuɗi, shekaru ana kai da kawowa.

Babu mai hankalin da zai ce masu wannan fasaha ba su cancanci ladan guminsu ba. Wanda ya kwana yana lissafi ba daidai yake da wanda ya kwana yana minshari ba. Ba kuma duka suka ci riba ba: shi kansa Princeton Video Image, da ya buɗe hanyar, ya karye a 2003, waɗansu suka saye kayansa. Har wa yau, auna kyamaran nan shi ne ya raba gardamar da ta fi kowace tsufa a ƙwallo. Da shi ake sanin ko ƙwallo ta haye layin raga. A gasar cin kofin duniya ta Katar a 2022 an kafa kyamara 12 a ƙarƙashin rufin kowane fili, suna bin wurare 29 a jikin kowane ɗan wasa sau 50 a daƙiƙa, don a kama satar gida. Wannan aiki ne mai kyau, ko da yake wanda aka soke wa ci ba zai yarda ba.

Abin dubawa shi ne, a duk shari'ar nan ta Landan gardamar ita ce wane ne ke da ikon sayar da dabarar. Mutumin da za a yi wa dabarar, watau mai kallo, ba shi da lauya a zauren.

Ranar da aka shafe allon maƙwabci

Amurkawa sun ɗanɗana wannan tun da wuri. A daren 31 ga Disamba 1999, ana jiran shiga sabuwar shekara, tashar CBS ta watsa labaranta daga dandalin Times Square a birnin New York, babban mai karanta labaranta Dan Rather yana tsaye a wurin. A bayansa akwai ƙaton allo mai ɗauke da tambarin abokiyar gasarsu, tashar NBC ta Amurka. Sai CBS ta sa na'urar Princeton ta shafe shi ta ɗora nata tambarin. Miliyoyin mutane suka kalli labarai, ba wasa ba, ba fim ba, labarai, suka ga abin da babu shi a dandalin. Da jaridu suka tona, shi Dan Rather ya amsa cewa kuskure ne, manyan tashar kuwa suka ce ba su ga laifi ba. A 2002 ma masu waɗansu gine-gine a wannan dandali sun kai kamfanin Sony ƙara saboda an sauya allunan tallansu a hotunan tallata fim ɗin Spider-Man, an cire Samsung an sa jaridar USA Today. Kotu ta yi watsi da ƙarar.

Daga nan abin ya shiga wasannin kwaikwayo. A 2011 masu kallo a Amurka sun lura da tallan wani sabon fim na wannan shekara a cikin maimaicin wani shiri da aka ɗauka shekaru huɗu kafin nan. A 2022 kamfanin Amazon ya ba da sanarwa a fili cewa yana iya saka kayan masu talla cikin shirye-shiryensa bayan an gama ɗauka: kwanon alewa a kan tebur, allo a bakin titi. Ya kamata 'yan fim na Kano su buɗe kunne a nan. Ɗan wasan da ya zauna a falo ya yi aikinsa ya karɓi sallama, wata rana yana iya ganin kansa zaune kusa da kwalbar da bai taɓa gani ba, in yarjejeniyar da ya sa wa hannu ba ta hana ba.

Amma duk wannan mai sauƙi ne in aka kwatanta da maganar caca.

A 2018 Italiya ta kafa dokar hana tallan caca, har da ɗaukar nauyin ƙungiyoyin wasa. Spain ta bi sahu da dokar Nuwamba 2020, ta cire sunayen kamfanonin caca daga rigunan 'yan wasa, ta kore su daga filaye, ta mai da tallansu na talabijin tsakanin ƙarfe 1 da ƙarfe 5 na dare. Kotun ƙolin ƙasar ta soke waɗansu sassan dokar a 2024, amma ba waɗannan ba. Dalilin ƙasashen biyu ɗaya ne: sun ga abin da caca ke yi wa samarinsu. A Ingila ma ƙungiyoyin Firimiya sun amince a 2023 za su cire sunayen caca daga gaban riguna bayan kakar 2025 zuwa 2026, ko da yake sun bar hannun riga da allunan gefen fili.

To, ina tallan ya tafi da aka kore shi daga Milan da Madrid? Bai mutu ba, fita waje ya yi. Dokar Italiya Italiyawa take karewa, ta Spain mutanen Spain. Hoton da ake sayar wa ƙasashen waje kuwa wani kaya ne dabam, kuma na'urar da aka yi bayaninta a sama ita ce ta ba da damar a wanke hoton gida tas, a ɗora wa na waje sunayen kamfanonin caca. Shi ya sa ƙungiyoyi da gasannin Turai ke ƙulla ciniki da irin waɗannan kamfanoni yanki-yanki, wannan na Asiya, wannan na Afirka, wannan na Kudancin Amurka. Mutum ya share tsakar gidansa ya zuba sharar ta kan katanga, sa'an nan a biya shi kuɗin sharar.

Wa ke zaune a ɗaya gefen katangar? Yaro ne ɗan shekara 19 da ya baro Bichi ko Illela ko Potiskum ya zo ci-rani. Uwarsa ba ta nan, malaminsa ba ya nan, wan da zai harare shi ba ya nan. Abin da ya samu a mako, daga turin baro ko wankin takalmi ko sayar da rake, yana cikin wayar da ke aljihunsa, kuma a cikin wayar nan ce ƙofar gidan cacar take. Ba sai ya je ko'ina ba, ba sai wani ya gan shi ya ji kunya ba. Yana kallon ƙungiyar da yake ƙauna, sunan kamfanin yana yawo a bayan ɗan wasan da yake ƙauna, minti casa'in, mako bayan mako. A zuciyarsa abin da manyan Turai suka yarda ya zauna a filinsu ai ba zai zama abin banza ba. Bai san cewa manyan Turan sun hana a nuna wa 'ya'yansu shi ba. Kuɗin da ke tafiya a nan ba rarar kuɗi ba ne. Na takin damina ne, na maganin tsohuwa, na sadakin da ake tarawa. Shugabannin Hausawa na unguwannin Kudu sun san adadin ƙarar bashi da cin amana da ke zuwa gabansu wadda in aka bi asalinta a kan wannan waya za a tsaya.

Uzurin da ya faɗi

Shekara da shekaru, in aka yi maganar tallan giya ko na caca a wasannin Turai, amsar da ake bayarwa ɗaya ce: allon yana filinsu ne, a ƙasarsu, kyamara ta ɗauko abin da ta tarar, ba mai iya zuwa Turai ya tumɓuke allo. A da wannan magana ce mai ma'ana. Takardun ƙirƙiran nan su ne suka rushe ta, kuma masu su ne suka rubuta da hannunsu cewa ana iya sauya abin da ke kan allo gwargwadon ƙasar da za a aika wa hoton. Da wannan alfahari suke neman ciniki. Tun a watan Yuni na 2018, a wasan sada zumunci tsakanin Ingila da Kosta Rika a birnin Leeds, an fitar da hotuna masu allo dabam-dabam zuwa nahiyoyi dabam-dabam, aka kuma yi shelar haka. Gasar Jamus ta halatta shi a hotunan da take fitarwa waje daga wannan shekara. Ashe duk inda ake amfani da na'urar, abin da ya bayyana a akwatin Agege wani ne ya zaɓa, wani ya saya, wani ya karɓi kuɗi. Abin da aka zaɓa kuwa ana iya zaɓen waninsa. Na'urar da ta iya ɗora caca ta iya ɗora taliya ko siminti ko maganin sauro, ta kuma iya barin allon yadda yake.

Nijeriya ba ta rasa hukumomi ba. Akwai Hukumar Kula da Gidajen Rediyo da Talabijin tun 1992. Akwai ARCON mai kula da tallace-tallace, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin APCON, kuma aikinta ne ta tantance talla kafin ya isa idon 'yan ƙasa. Hukumar nan ta nuna tana da haƙori: daga 1 ga Oktoba 2022 ta hana sa baƙin fuska da baƙuwar murya a tallan da ake yi wa 'yan Nijeriya. Madalla. Wanda ya iya tsayawa ya binciki fasfon mai murmushi a tallan sabulu, ai ba zai kasa tambayar wane ne ya rubuta abin da ke allon da miliyoyin samari ke kallo kowace Asabar ba. Talla ne da aka nufi wani yanki da shi, aka ɗora shi da gangan. In yankin ya haɗa da Nijeriya, me ya raba shi da wanda aka ɗauka a Ikeja?

Za a ce hoton ba don Nijeriya kaɗai ake yinsa ba, ƙasashe da yawa ke raba shi. Gaskiya ne. Amma mai sayen buhu ɗari ba ya yin ciniki irin na mai sayen mudu. Kamfanonin da ke sayo izinin nuna wasannin nan sun san inda masu biyansu suka fi yawa a nahiyar, gasannin Turai ma sun sani. Za a kuma ce tun hukuncin Kotun Ƙoli na Nuwamba 2024 sha'anin caca ya koma hannun jihohi. Wannan ma gaskiya ne, shi ya sa abin da Hisba ke rufewa a Kano yake da lasisi a Ikko. Amma watsa shirye-shirye ta iska yana hannun Gwamnatin Tarayya har gobe, kuma maganar nan ta watsawa ce.

Ba a ce a hana fasahar ba, hana ta ma ba zai yiwu ba. Wa'adin takardar 1993 ya cika tuntuni, na Zhang ma haka. Duk ɗalibin da ke Zariya ko Bauci ko Minna yana iya buɗe su a intanet kyauta ya karanta, ya gina nasa. Gasar ƙwallon Nijeriya, wadda filayenta da yawa ba su da allunan lantarki masu tsada, tana cikin waɗanda za su fi kowa amfana, ranar da aka sami kyamarorin kirki da mai auna su. Filin Sani Abacha na Kano zai iya nuna wa mai kallo a Anacha wani talla, na Sakkwato wani, kuɗin ya shiga asusun ƙungiya.

Abin da ake nema kaɗan ne, kuma waɗansu sun riga sun yi. Dokokin ƙwallo na duniya sun hana kowane irin talla, na gaske ko na na'ura, a kan ciyawar fili muddin 'yan wasa suna ciki. Watau masu ƙwallon sun san haɗarin, sun kare wasansu. Hukumar Tarayyar Turai ta faɗa tun 2004 cewa sai an sanar da masu kallo in za a yi irin wannan saƙe. A Ingila, tun Fabrairu 2011, duk shirin gida da aka biya kuɗi aka saka kayan talla a cikinsa sai an nuna wata alama ta harafin P na daƙiƙa uku, a farko da ƙarshe da kuma bayan kowane hutu. Daƙiƙa uku kacal.

Ya kamata hukumomin biyu su kira kamfanonin da ke shigo da wasannin nan su tambaye su a rubuce: a cikin gasannin da suke nunawa, waɗanne ne ake sauya wa allo, wa ke sauyawa, kuma wa ya sayi wurin? Sa'an nan a wajabta sanarwa kafin a take wasa da bayan hutun rabin lokaci. Kada a tsaya ga rubutun Turanci a ƙasan hoto, domin da yawa daga cikin masu zama a bencin nan ba za su karanta shi ba. Mai sharhi ya faɗa da baki. Tallan caca kuwa, wanda ƙasar da ake buga wasan ta haramta wa 'ya'yanta, kada a bari a liƙa shi a hoton da zai sauka a nan sai ya bi ta ƙofar da kowane talla ke bi.

Kafin hukuma ta motsa, akwai masu iya motsi tun wannan Asabar. Yawancin gidajen kallo na unguwannin Hausawa 'yan Arewa ne ke da su, kuma suna halartar taron fadar Sarkin Hausawa kamar kowa. Mai gidan kallon da ke iya tsayar da hayaniya ya yi shelar an tsinci waya, yana iya ɗaukar rabin minti kafin a busa usur ya gaya wa yaran cewa rubutun da za su gani a gefen fili mai yiwuwa ne babu shi a can, kuma in na caca ne a wasan Italiya ko Spain, yaran can ba a nuna musu shi.